Daga Bahon Wanki Zuwa Ƙarƙashin Maliya

Ni ba mutuniyar ruwa ba ce. Ina 'yar shekara 11 kwalekwale ya kife da mutanen ƙauyenmu a gulbi ranar kasuwa, cikinsu har da ɗiyar gwaggona wadda muke kwana tabarma ɗaya da ita. Sai bayan kwana biyu Sarkawa suka tsamo ta. Tun daga ranar Inna ta yi mana iyaka da bakin gulbi, ko wanki ba ma zuwa. Na girma, na yi aure, na dawo cikin garin Sakkwato ina koyarwa, amma har na haifi 'ya'ya uku, in mota ta hau gadar Kwalkwalawa da damina ruwa ya cika ya tumbatsa, sunkuyar da kai nake yi ina salati har mu wuce. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san irin matar da ta shiga ƙarƙashin teku da ƙafarta, ta yi rabin awa a can tana numfashi.

Babban ɗanmu, wanda ƙannensa ke kira Yaya, yana karatu a Jami'ar Azhar da ke Alƙahira. A wani hutu ya bi abokansa zuwa Gardaƙa, garin da Turawa ke ce wa Hurgada, a bakin Bahar Maliya, ya koyi nutso da tukunyar iska har ƙungiyar PADI mai horar da masu nutso ta ba shi katin shaida. Bai faɗa mini ba sai da ya gama, don ya san abin da zan ce. Da muka sa ranar kai masa ziyara a dogon hutun watan Agusta, ni da maigidana Malam da ƙannen Yaya biyu, sai ya bugo waya wani dare ya ce, "Mama, ina da roƙo guda. In kun zo ina son ki ga abin da na gani da idonki." Na ce masa hoto ya ishe ni. Ya ce, "Ba zan tilasta ki ba. Amma ki bari mu bi abin daki-daki, duk inda kika ce a tsaya, an tsaya."

Malam kuwa tun kafin a aje waya ya amince. Shi ɗan bakin gulbin Rima ne, wajen Wurno ya tashi, kuma har yau yana ba yara labarin yadda suke nutso su ɗebo laka daga ƙasa don a shaida sun taɓo gindin ruwa. Surukata Hajiya ce ta ƙi abin ƙememe. Ta ce, "Mi za ku nema ƙasan ruwa? Ku kihi na? Wanga yaro karatu anka tura shi ko su?" Da ƙyar Malam ya lallashe ta, ta bi mu da addu'a.

Matakin farko a nan Sakkwato muka yi shi. Yaya ya turo wata takardar tambayoyin lafiya ta WhatsApp, muka buga, kowa ya cika tasa. Tana tambaya a kan asma da sauran ciwon huhu, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon kunne, tiyatar da aka yi kwanan nan, da juna biyu, don mai ciki ba ta nutso ko kaɗan. Wanda ya haura shekara 45 yana da ƙarin tambayoyi a kan hawan jini da shan taba da makamantansu. Malam yana shan maganin hawan jini, saboda haka dole likita ya sa masa hannu. Muka je duka. Likitan ya auna shi sau biyu a mako guda, ya sa aka yi masa gwajin zuciya, sannan ya sa hannu. Ya leƙa kunnuwanmu, ya tarar nawa na dama ya toshe da dauɗa, ya wanke. Ya kuma tambaya ko akwai mai sikila a cikinmu, muka ce babu. Ina roƙon duk wanda zai yi wannan abu kada ya ɓoye ciwo a takardar nan don kwaɗayin shiga ruwa. Ba don su aka yi ta ba, don kai aka yi ta.

Abu na biyu aiki ne da Yaya ya ba ni ni kaɗai. Ya ce abin da ke kayar da sabon shiga ba zurfi ba ne, hanci ne. Mu mutane da hanci muka saba numfashi, a ƙarƙashin ruwa kuwa da baki ake yi, hanci yana cikin gilashin fuska. Ya ce in cika bahon wanki da ruwa, in yanko guntun tiyo kamar kamu ɗaya, in sa a baki, in tsoma fuskata har kunne, in yi ta numfashi ta tiyon ba tare da na toshe hanci ba. Ranar farko numfashi biyu na yi, ruwa ya haye mini hanci, na ɗago ina tari, ƙirjina yana dukan uku-uku. Ɗiyata, mai shekara 16, ta zauna kusa da ni tana ƙirga mini. Kullum bayan la'asar sai mu fito tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro da bahonmu. A mako na uku na kai numfashi 40 ban ɗago ba. Ban san a lokacin ba, ashe bahon nan shi ne rabin karatun.

Tafiyar ba ta da wani dogon labari. Jirgi ya ɗauke mu daga filin Sultan Abubakar na Uku zuwa Abuja, daga can sai Alƙahira. Muka yi kwana huɗu muna zaga gari, sannan muka hau bas ta dare zuwa Gardaƙa, tafiyar kamar awa 6 ta gefen mashigin Suwes. Gari na wayewa na ɗaga labulen mota, hamada a hannun dama da duwatsu jajaye, a hagu kuma ruwa shuɗi shar har inda ido ya ƙare. Malam ya ce, "Malama, ga Maliya nan." Tekun da muke jin labarinsa tun muna makarantar allo, a ƙissar Annabi Musa da Fir'auna. Mutanen garin suna ta kukan zafi, mu da muka san Afrilun Sakkwato muka ji kamar an yi mana fifita.

Yaya ya riga ya zaɓi wurin da za su koya mana. Ya duba suna da lasisin hukumar da ke kula da harkar nutso a Masar, kuma ya nemi a ba mu mace, ni da ƙanwarsa. Aka ba mu wata Bamisiriya, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba, mai sanyin magana. Tana yi da Larabci da Turanci, inda ya kakare Yaya ya fassara. Abin da za mu yi shi ne na ɗanɗano, na yini ɗaya, wanda ba a wuce mita 12, kuma malamin nutso yana tare da kai ko da yaushe. Cikakken kwas ɗin da Yaya ya yi daban ne, shi sai ka iya iyo na mita 200, ka kuma yi minti 10 a saman ruwa ba ka riƙe komai ba, a ƙarshe a yarje maka mita 18.

Nan muka ci karo da kukan farko. Ba a kai yaro teku da tukunyar iska sai ya cika shekara 10, Auta kuwa 9 gare shi da wata huɗu. Ya yi kuka har da shessheƙa. Malam ya so ya roƙa, malamar ta girgiza kai tun bai rufe baki ba. Ta ce akwai na yara daga shekara 8, a cikin kwamin wanka kaɗai, zurfin mita 2, da 'yar ƙaramar tukunya. Da haka aka rarrashe shi. A raina na ji daɗin wannan ƙin da ta yi. Wanda ya ƙi karya doka don ya faranta maka rai a tudu, shi ne za ka yarda ya riƙe hannunka a ruwa.

Maganar sutura ta dame ni tun daga gida, kuma na san za ta dami mata da yawa. Rigar nutso ta roba ce, daga wuya har idon sawu da wuyan hannu, amma tana kama jiki. Muka sa ta, muka ɗora doguwar riga mai kauri wadda ta sauko har gwiwa, da hular roba mai rufe kai da wuya. Malamar ta ce kada rigar saman ta zama mai baza, don tana iya sarƙewa da kaya. A jirgin ruwa muna cikin hijabinmu har lokacin shiga ya yi.

Sai ta shimfiɗa kayan a gabanmu ɗaya bayan ɗaya. Tukunyar iska ta lita 12, an ɗura mata iska har ma'auni 200. Ni da a zatona iskar oksijin ce irin ta asibiti. Ta ce a'a, iskar nan ce da muke shaƙa, an tace ta an matse. A bakinta akwai regileta, ɗan'uwan wanda ke kan tukunyar gas ɗin girki, shi ke rage ƙarfin iskar ya ba ka daidai lokacin da ka ja. Yaya ya ce dangantakar ta gaske ce, don Faransawa biyu da suka haɗa shi a 1943, Jak Kusto da Emil Ganyan, daga na'urar da Ganyan ya ƙera don motoci su yi aiki da gas lokacin ƙarancin fetur na yaƙin duniya na biyu suka samo shi. Akwai wata falmaran da ake hura wa iska a sace, ita ke ɗaga ka ko ta sauke ka. Akwai ɗamarar dalma, takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, gilashin fuska, da agogon da ke nuna sauran iskar da ta rage. Da aka ɗora mini su duka na ji kamar na goya rabin buhun siminti.

Kafin mu jiƙa ƙafa sai da ta yi mana karatu. Ta ce iskar da ke kanmu a nan tudu tana danna mu da wani nauyi da muka saba da shi har ba ma ji. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara kwatankwacin wannan nauyin. Ke nan a mita 10 matsin ya ninka, duk wata iska da ke cikin abu mai laushi za ta tsuke ta koma rabi. Shi ya sa kunne ke ciwo, ruwa ne ke danna dodon kunne ciki. Maganinsa ka matse hanci da yatsu biyu ka hura a hankali, iska ta bi 'yar kafar da ke tsakanin maƙogwaro da kunne, ka ji ɗan ƙas. Ana yi tun kafin a ji ciwo, kowace mita, ba a jira. Ta koya mana maganar hannu: ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, lafiya ke nan. Ka shimfiɗa tafi kana karkaɗawa, akwai matsala. Babban yatsa sama kuwa ba yabo ba ne, cewa kake a fita. Sannan ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce akwai doka guda da ta fi duk sauran: kada ka riƙe numfashi, ko na ƙiftawar ido.

A kan dokar nan aka yi ta da Malam. Mun shiga kwamin wanka, ruwa iya ƙirji, muka durƙusa. Darasin shi ne ka cire abin shaƙa daga bakinka, ka ci gaba da fitar da 'yan ƙananan kumfa, ka mayar, ka hure ruwan da ya shiga. Malam na cirewa sai ya kulle baki gam, kumatu a cike, yadda ya saba tun yana yaro. Ta taɓa shi ta nuna masa leɓenta. Ya sake, ya sake kullewa. Ta fito da mu. Ya ce mata da Larabci shi fa shekara 40 ke nan yana nutso da riƙe numfashi, bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Ta ce gaskiya ne, kuma ta faɗa masa dalili. Mai nutson gulbi a sama yake cika huhunsa. In ya sauka iskar ta tsuke, in ya hau ta dawo yadda take, ba ta wuce abin da ya shiga da shi ba. Mai tukunya kuwa a ƙasa yake cika huhu, da iskar da ke matse. Cikin huhu ɗaya a mita 10, in ya hau da shi a kulle, cikin huhu biyu ne a sama, huhu kuma ba shi da inda zai kai shi sai ya yage. Ta ce ko tashin mita ɗaya ko biyu a ruwa marar zurfi yana iya yin ɓarna.

Malam ya yi shiru. Na san shi, na san shirun nan. Can ya ce, "Na ɗauka. Mu koma." Sau bakwai ya maimaita darasin har jikinsa ya saki tsohuwar al'ada. Dattijo mai furfura, wanda ake tashi a ba shi wuri a unguwa, yarinya tana gyara masa abin da yake ganin ya fi kowa iyawa, ya karɓa bai ɓata rai ba. A shekarun aurenmu ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Nawa ya zo a darasin gilashi. Ana so ka ɗan ɗaga shi ruwa ya shiga, sannan ka danna samansa a goshi, ka ɗaga kai, ka hura ta hanci, iska ta kori ruwan ta ƙasa. Ruwan na taɓa hancina na ga gulbin ƙauyenmu, jan ruwan nan, da mata tsaye a gaɓa suna kururuwa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, na fizge komai daga fuskata. Jikina yana ɓari. Ɗiyata ta ce, "Mama, mu fita, ya isa." Yaya bai ce komai ba, alkawarinsa yake riƙe da shi. Malamar ta bari na huce, sannan ta ce in aje gilashin gefe, in sa abin shaƙa kaɗai, in sunkuya in tsoma fuskata ina tsaye. Na sunkuya. Sai na ga ai bahona ne na tsakar gida, ba wani abu ba. Na ƙirga 40 na ɗago. Muka koma ƙasa, na farko ya ƙi, na biyu rabin ruwan ya fita, na uku na buɗe ido na ga gilashin fes, ga ta a gabana tana yi mini zobe da yatsu. Na mayar mata.

Washegari da ƙarfe takwas jirgin ruwa ya ɗauke mu zuwa wajen tsibirin Giftun, tafiyar kusan awa guda. Mun sha maganin hana jiri tun da asuba. Da muka isa na lura ba su jefa anka ba, sai suka ɗaure jirgin a wata igiya da aka kafa tun daga ƙasa. Ƙungiyar kare muhalli ta HEPCA ce ta kakkafa su a yankin don kada ƙarfe ya riƙa farfasa murjani. Na leƙa, ruwan garau kamar ba ruwa, ana hango yashi da inuwar jirginmu a ƙasa. Wanda ya saba da gulbi, inda in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka, sai ya ga abin kamar almara. Babu kogi ko ɗaya da ke zuba a Maliya duk shekara, ba mai kawo mata laka. Ga rana tana ƙafar da ruwan, shi ya sa gishirinta ya kai kusan giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Gishirin nan yana ɗaga mutum sama, dole aka ƙara mana dalma a kan ta jiya.

Bibbiyu take ɗauka. Ni da ɗiyata muka fara. Na tsaya a bakin jirgi, hannu ɗaya dafe da gilashi da abin shaƙa, na yi bisimilla, na yi taku ɗaya mai faɗi. Kumfa ta rufe ni, falmaran ta cillo ni sama. Ruwan da ɗumi, digiri 28 inji agogonta, kamar wanda aka surka wa jariri. Muka kama igiya, ta sace mana iska kaɗan-kaɗan, ruwa ya wuce haɓata, ya wuce idona, ya rufe kaina.

Abin da na fara ji ƙarar numfashina ce, ja da saki, da kumfa tana bi ta gefen kunnuwana. Na matse hanci, ƙas. Na saki igiya kamu ɗaya, ƙas. A mita 3 kunnen hagu ya ƙi. Na nuna mata, ta ɗaga ni kaɗan, na haɗiye yawu na motsa muƙamuƙi, ya buɗe. Idona yana kan nata har gwiwata ta taɓa yashi. Ta nuna mini agogo: mita 9. Sai ta zaro wata gorar ruwa ta roba da ta rufe a sama ba komai ciki, ga ta nan ta lotse kamar an taka. Ta kama hannuna ta juya shi. Jan lallen da aka yi mini a Sakkwato kafin tafiya ya koma wani duhu-duhu kamar ƙasa-ƙasa. Ruwa yana shanye launin ja tun daga wajen mita 5, shuɗi ne ke jurewa har ƙasa.

Daga nan ta riƙe ni ta bayan tukunya, ta ƙara wa falmaran iska kaɗan, sai na ji na tashi daga yashin ban kuma tafi sama ba. Nauyin nan da na goya ya ɓace. In na ja numfashi mai tsawo in ɗan ɗaga, in na saki in ɗan sauka, huhuna ne ke tuƙa ni. Muka zagaya wani dutse, ashe ba dutse ba ne, murjani ne, tsayinsa ya fi ɗaki. Wani kamar reshen bagaruwa, wani kamar faifai an jera, wani kamar ƙwaƙwalwa, wani mai laushi yana rausaya kamar gero a gona in iska ta taso. Dubban 'yan kifaye ruwan lemo suna shawagi a kansa, in ka matso su shige gaba ɗaya, in ka ja baya su fito gaba ɗaya. Ni da na san tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa, duk masu launin laka, ban taɓa zaton akwai kifin da Allah ya yi wa ado ya fi atamfa ba. Na ga mai ruwan ɗorawa da ratsin fari biyu, yana leƙowa daga cikin wata halitta mai yatsu da yawa wadda ke harbin sauran kifaye amma shi ba ta taɓa shi. Na ga wani shimfiɗaɗɗe kamar marfin tukunya, da ɗigo-ɗigon shuɗi, kwance a yashi yana kallonmu. Komai ya fi girmansa na ainihi da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma fi kusa, haka gilashi da ruwa ke yi wa ido.

Akwai wata ƙara da ta cika wurin, ƙaras-ƙaras, kamar ana cin ƙuli-ƙuli a ɗakin da ke kusa. Malamar ta nuna mini mai yin ta: kifi kore da shuɗi, bakinsa kamar na aku, yana gatsar murjani. Daga baya ta ce yana kankare gansakukar da ke kai ne, dutsen kuma ya niƙe a cikinsa ya fito gari, da yawan farin yashin da muka durƙusa a kai aikinsa ne. An gargaɗe mu kada mu taɓa komai. Murjani dabba ce mai rai, ƙananan halittu ne suka taru suka gina gida, wani irinsa da ƙyar yake ƙara santimita 1 a shekara, taku ɗaya na ganganci sai ya rushe ginin shekaru. Wani kuma yana ƙuna kamar wuta, ga kifaye masu dafi da ke kwanciya kamar dutse. Na naɗe hannuwana a ƙirji.

A wani wuri na waiwaya na ga ɗiyata a gefena tana tafiya kamar a can aka haife ta, can baya kuma ga Yaya tare da nasa jagoran, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa yana kallona. Ya yi mini zobe da hannu biyu. Surar Rahman ta faɗo mini, inda aka ambaci lu'ulu'u da murjani masu fitowa daga teku. Na sha karanta ta, na sha koyar da ita. Hawaye ya zubo mini cikin gilashi, na danna samansa na hura ta hanci yadda aka koya mini, na ci gaba. Na tuna ɗiyar gwaggona, na yi mata addu'a a can ƙasa. Ruwan da ya ci ta bai kai rabin wannan zurfin ba. Da a ce akwai wanda ya taɓa koya mana ko yadda ake kwanciya a bayan ruwa, ko an sa mata rigar iska ɗaya a kwalekwalen nan, wataƙila da yanzu ita ma tana da jikoki. Allah ya riga ya ƙaddara, amma hana yara zuwa gulbi bai hana su hawa kwalekwale ranar kasuwa ba.

Da agogon iskata ya sauko 90 ta yi mana alamar hawa. Ba a fita da gaggawa. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, a ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka. In ka hau a hankali ta fita ta numfashi, in ka yi sauri ta yi kumfa a jiki kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe. Muka bi igiya sannu, muka tsaya a mita 5 na minti 3, sannan muka fito. Minti 31 muka yi. Rana ta doke ni a fuska, nauyin tukunya ya dawo, Auta yana saman ruwa da rigar iska da bututun shaƙa yana ihu, "Mama, na gan ki! Na gan ki a ƙasa!"

Malam bai samu sauka ƙasa ranar ba. Sanyin na'urar bas ya sa masa 'yar mura, a mita 3 kunnensa ya ƙi buɗewa. Ya gwada sau uku, ya ɗaga babban yatsa da kansa. Wani a jirgin ya miƙo masa maganin buɗe hanci, malamar ta hana, ta ce in ƙarfinsa ya ƙare kana ƙasa, iskar da ke kunne ta rasa hanyar fita wajen hawa. Ya zauna ya yi alwala da ruwan teku, ya tuna mana hadisin da ke cikin Muwaɗɗa a kan tsarkin ruwansa, ya ja mu sallar azahar a saman jirgi. Sai bayan kwana biyu da hancinsa ya washe ya shiga, shi da Yaya, na sake bin su. Da ya fito ya daɗe zaune bai cire kaya ba. Ya ce, "Malama, shekara 40 ina shiga ruwa ido rufe." Mun bar kwana guda cur kafin mu kama hanya, don ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, 18 in an yi fiye da haka.

Ranar da muka dawo Sakkwato, bayan isha'i muka je gaida Hajiya. Ɗiyata ta kunna mata bidiyon a waya. Ta matso da ita kusa da ido, ta ce, "Wagga wa ta?" Aka ce ni ce. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, "Ke da ba ki son ko gada?" Na ce, "Awo, Hajiya, ni ce." Ta tambaya ko mun ga inda Fir'auna ya halaka, Malam ya ce tekun ya fi kilomita 2,000 a tsawo, mu ɗan lungu guda muka gani. Da ta ji an ambaci murjani sai ta aiki Auta ya ɗauko mata wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin gado, ta zaro jan murjaninta na aure ta ɗora a tafin hannuna. Na ce mata irin wannan ja na ado daga Bahar Rum ake samo shi, ɗan'uwan wanda muka gani ne amma ba shi ba ne. Ta juya shi a hasken fitila, ta ce ita duk zamanta ta ɗauka dutse ne ake haƙowa a ƙasa.

Auta ya zauna a gefenta yana ƙirga mata da yatsu watannin da suka rage masa ya cika 10. Malam ya ce kafin nan sai ya iya iyo sosai, shi da yayarsa, kuma shi da kansa zai koya musu ranakun Asabar. Na ce a sa da ni. Hajiya ta miƙa wa ɗiyata wayar ta ce, "Maido min wurin kihin ga mai bakin aku, in ƙara gani."